Ɓerayen Amsterdam da tumakin Gadarif: fashin baƙi kan illar maganin dabbobi

A ƙarshen daminar bara wani dattijo maƙwabcinmu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan ya ɗura wa tumakinsa maganin tsutsar hanta. Su goma sha huɗu ne, sun yi wata biyu suna kiwo a bakin fadama, wasu sun fara rama, ƙasan haɓarsu ya tara ruwa kamar an rataya musu 'yar salka. Ya shiga kasuwa ya sayo kwalba, ya auna da ido, ya ce tunda ciwon ya riga ya kama jiki gara ya ƙara hannu. Ba a rufa mako ba uku daga cikinsu suka fara karo da dangar zariba. Ido a buɗe tas, babu kwantsa babu hakiya, amma ko yatsa ka kai ba sa ƙiftawa. Ya yanka biyu aka raba nama a unguwa, ta ukun ya bar wa jikoki suna ba ta dusa a kwano.

Da na shiga yi masa jaje na ce, "Baba, ina kwalbar?" Ya ce ta bi shara tun ranar. Na ce, "To ko ka faɗa wa likitan dabbobi?" Ya dube ni ya yi murmushi irin na manya. "Ɗana, in na faɗa masa zai mayar musu da ido ne?"

Ba zai mayar ba. Baba ya yi gaskiya, kuma duk mai son yi wa makiyayi maganar kai rahoton illar magani sai ya fara amsa wannan tambaya. Daga yadda ya siffanta kwalbar da irin makantar, zargina ya tafi kan kilosantel, maganin tsutsar hanta da aka san yana kumbura jijiyar ido ya kashe gani in an zarce ƙima, kuma ganin ba ya dawowa. Amma tunda kwalba ta tafi, magana ta tsaya a zargi. Abin da ya bi kwalbar nan shara shi nake so in warware, kuma hanyar da ta fi mini kusa ta bi ne ta wani ɗakin ɓeraye a ƙasar Holan.

A farkon shekarun 1990 masu bincike a Cibiyar Nazarin Ciwon Daji ta Holan da ke Amsterdam, cikinsu har da Alfred Schinkel da Piet Borst, suna bin diddigin abin da ke sa ciwon daji ya daina jin magani. Sun san akwai wani furotin a bangon ƙwayoyin jiki mai aiki kamar famfo: magani ya shiga, shi kuwa ya tunkuɗo shi waje. P-gp suke ce masa. Don su ga aikinsa a lafiyayyen jiki sai suka samar da ɓerayen gwaji waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera famfon. Ɓeraye suka girma, suka ci suka sha, suka hayayyafa, ba abin da ya raba su da 'yan'uwansu. Mai kallo sai ya ce an sha wahalar banza.

Ana nan sai ƙananan ƙwarin fata masu sa ƙaiƙayi suka addabi ɗakin. Aka yi abin da aka saba yi a irin wannan wuri, aka sirka ibamektin da ruwa aka fesa musu. Shi ne maganin da muka fi sani a kasuwa da Ivomec, wanda ba garken da ba ya cikin jakar mai shi. Ɓeraye masu famfo suka rabu da ƙaiƙayi suka ci gaba da harkarsu. Marasa famfon suka kama karkarwa, jiki ya shanye, suka mutu.

A nan ne labarin ya rabu da namu. Da an share mushen an zuba a bola, an ce ai dama ɓera ba ya daɗewa, da shi ke nan. Sai mutanen suka tsaya suka ce ruwa ba ya tsami banza. Suka sake gwadawa da awo, suka buɗe ƙwaƙwalwar ɓerayen suka auna. Ibamektin da suka tarar a ƙwaƙwalwar marasa famfo ya ninka na sauran kusan sau 90, kuma adadin da ke kashe su ya gaza na sauran da kusan ninki 100. Suka wallafa sakamakon a 1994.

Ga abin da aka gano. Ibamektin yana kashe tsutsa da ƙwaro ne ta hanyar shanye musu jijiya. Ƙwaƙwalwar saniya da ta tunkiya da tamu ma tana da wuraren da zai iya kamawa, to amma a jijiyoyin jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa akwai wannan famfo tsaye kamar dogari a ƙofar fada, duk ɗigon da ya leƙo sai ya mayar da shi cikin jini. Ashe lafiyar da muke gani bayan kowace allura dogarin nan ne yake tsare ta. In ya yi rauni, ko aka tura masa taron da ya fi ƙarfinsa, maganin tsutsa ya zama guba.

Tun farkon shekarun 1980 likitocin dabbobi a Amurka da Turai suke rubuto rahoto cewa wani jinsin karen kiwon tumaki da ake kira koli yana faɗuwa bayan an ba shi ibamektin: dalalar miyau, tangaɗi, makanta, doguwar suma. Rahotannin suka yi shekaru suna taruwa babu bayani, sai dai gargaɗi. Labarin ɓerayen Amsterdam ne ya nuna inda za a duba. A 2001 Katrina Mealey ta Jami'ar Jihar Washington ta gano cewa karnukan nan suna da tawaya a wannan ƙwayar gado ɗin dai, haruffa huɗu kacal suka ɓace a cikinta, famfon ya fito guntu mara aiki. Yau ana goge cikin kumatun kare da auduga a aika ɗakin gwaji, a san ko yana da tawayar kafin a yi masa allura. Kunkuru ma, ga masu ajiye shi a gida, ibamektin yana kashe shi.

Sai mutum ya ce to ai ga shi nan, ɓera ya gama mana aiki, Turawa sun gwada komai kafin su rufe kwalba. Ɓera ya yi wa ɗan Adam aiki ba kaɗan ba, wannan kam haka ne. Ranar 25 ga Mayu 1940 a Oksford, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu suka sa wa ɓeraye 8 ƙwayar cuta mai kisa, suka yi wa 4 allurar fenisilin. Kafin gari ya waye waɗanda ba a yi wa ba duk sun mutu, sauran suna raye. Daga nan fenisilin ya kama hanyar zuwa asibiti. Amma da ɓeran Masar suka ɗauko a wannan dare, da wataƙila labari ya sha bamban, domin shi fenisilin yana kashe masa ƙwayoyin hanji masu amfani, miyagun su samu fili, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Suna ɗaya a bakinmu, ɓera da ɓeran Masar, amma cikinsu ba ɗaya ba ne.

Wani lokacin kuma ɓera ya yi shiru inda ya kamata ya yi ihu. Talidomaid ya shiga kasuwa a Jamus ta Yamma a 1957, ana ba masu juna biyu don laulayi da rashin barci. An ɗura wa ɓeraye shi da yawa bai kashe su ba, aka ce ba shi da laifi. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Da aka koma aka ba ɓeraye masu ciki, 'ya'yansu ba su fito da irin wannan nakasa ba, sai a zomo da biri aka gan ta. Waɗanda suka tona asirin likitoci ne da suka lura da abin da ke zuwa gabansu suka rubuta, Widukind Lenz a Hambug da William McBride a Ostireliya. Daga wannan musiba tsarin kai rahoton illar magani ya samo asali: Birtaniya ta fito da katinta mai ruwan ɗorawa a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido na ƙasa da ƙasa a 1968, cibiyarsa ta koma Uppsala ta ƙasar Suwidin a 1978. Ɓangaren dabbobi ya biyo baya, a kan wannan sawu.

Akwai kuma matsalar lissafi, wadda ko ɓera ya faɗi gaskiya ba ta kau ba. In illa tana samun dabba 1 cikin 10,000, sai an gwada maganin a kan dabba wajen 30,000 kafin a ce da wuya a rasa ganinta ko sau ɗaya. Gwajin da ake yi kafin rajistar maganin dabbobi yawanci a kan ɗaruruwa yake tsayawa. Kuma waɗanne dabbobi? Ƙosassun shanu da tumaki na gonakin Turai da Amurka, masu ruwa a gabansu dare da rana. Ba tunkiyar da ta yi kwana uku a hanya cikin zafin Afrilu ba, hanta ta riga ta ci tsutsa, jini ya yi ƙasa, sannan aka haɗa mata allura uku a wuni guda. Raƙumi ma ba a cika gwada masa komai ba, awon saniya ake ara a yi masa. Ashe gwaji mafi girma yana farawa ne ranar da kwalba ta iso kasuwar Gadarif ko Muwailih ta Umdurman, kuma mu ne masu gudanar da shi, sai dai ba mai riƙe da alƙalami.

Dubi cikin zaribarmu kawai. Diminazin, wanda aka fi sani da Berenil, shi ne abin dogaron mai shanu in sammore ya kama. Raƙumi kuwa in aka yi masa shi don gufar, wato sammoren raƙuma, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kama karkarwa da farfaɗiya ya mutu. Masana a Jami'ar Kartum sun rubuta wannan tun farkon shekarun 1980, shi ya sa likita ke zaɓar wa raƙumi kwinafiramin ko melasomin. Amma har gobe za ka samu mai raƙumi yana cewa ai ciwon iri ɗaya ne da na shanu, me zai hana maganin ya zama ɗaya. Amitaraz da ake wanke kaska da shi yana tsayar wa doki hanji. Albendazol in aka ɗura wa tunkiya a watan farko na ciki yana iya nakasa ɗan. Farasitamol ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da abin narkar da shi. Tilmikosin kuwa, allurar ciwon huhun shanu da tumaki, yana kashe akuya da doki, kuma mutane sun mutu bayan sun soki kansu da shi bisa tsautsayi. Zuciya yake kamawa, ba shi da makari. Wanda ya taɓa riƙe bijimi da hannu ɗaya, sirinji a ɗayan, ya san yadda allura ke kuɓucewa.

Kowane layi a cikin waɗannan gargaɗi, in ka bi asalinsa, za ka tarar da dabbar wani ce ta faɗi, wani kuma ya zauna ya rubuta.

'Yan'uwanmu da ke kiwo a Saudiyya ba za su manta da Agustan 2007 ba, lokacin da raƙuma aƙalla 2,000 suka zube, abin ya fi tsanani a Wadi Dawasir. An yi ta zargin annoba da guba iri-iri. Da aka aika samfuri har Faransa sai aka sami salinomaisin a cikin dusar da aka ba su. Magani ne da ake zubawa a abincin kaji don ciwon hanji, kaza ta ci ta yi ƙiba, raƙumi ya ci naman jikinsa da zuciyarsa su lalace. Ɗan'uwansa monensin haka yake yi wa doki, miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyin jikinsa ya isa ya kashe shi. Mai jakin karo da ya sami ragowar abincin kaji da araha ya ce bari ya ƙara wa jaki ƙarfi, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai. An gane sababin mutuwar raƙuman nan ne saboda sun mutu da yawa a lokaci guda, kuma masu su manya ne da ake jin muryarsu. Tumaki uku a gidan talaka ba sa tayar da ƙura, sai in an tara su da ukun wani da biyar ɗin wani.

Mafi yawan illar da nake gani a nan, in za a faɗi gaskiya, ta awo ce. Ibamektin na allura mililita 1 ne ga kowane kilo 50, abin da muke kira sisi ɗaya. Ɗan akuya mai kilo 5 rabonsa kashi ɗaya cikin goma na sisi. Wa ya taɓa ganin an ja wannan a sirinjin shanu? Sisi guda ake danna masa, ninki goma ke nan, alhali dogarin ƙwaƙwalwar jariri bai gama ƙarfi ba. In aka sauko kan ɓera mai giram 30, irin wanda yara ke ajiyewa a keji ko ɗalibai ke aiki da shi a jami'a, ɗigo ɗaya tak daga wannan kwalba ya ninka rabonsa fiye da sau 80. Lebamizol ma tazarar da ke tsakanin warkarwa da cutarwa a wurinsa ƙanƙanuwa ce, ka ƙara kaɗan sai dalala da rawar jiki. Muna da wata magana, wai in ciwo ya yi ƙarfi a ƙara hannu. A wurin tuwo ne ƙarin hannu ke da daɗi.

Wata illar kuma ba ruwanta da awo. Ka yi komai daidai, minti biyar bayan allurar fenisilin ko rigakafi saniya ta kama haki, fuska ta kumbura, ta zube. Shi ne muke cewa magani bai karɓe ta ba. Wannan ba a hango shi, sai dai a shirya masa, shi ya sa likitan kirki ba ya fita rigakafi babu adirenalin a jakarsa.

Sannan ga illar da ba ta bayyana a jikin dabbar da aka yi wa magani sam. Daga 2007 manoma a Jamus da maƙwabtanta suka fara ganin maruƙa 'yan ƙasa da wata guda suna zubar da jini ta fata, ta wurin da aka huda kunne, ta inda ƙuda ya ciza. Iyayen lafiyarsu ƙalau. Sai da rahotanni suka taru daga gonaki masu yawa aka ga abin da ya haɗa su: an yi wa iyayen wata allurar rigakafin gudawar shanu. Jikin wasu shanun ya ƙera garkuwa a kan ragowar ƙwayoyin saniya da aka reni rigakafin a cikinsu, garkuwar ta bi dakashi ta shiga maraƙi ta cinye masa ɓargo. Aka janye allurar a 2010. Manomi ɗaya, komai basirarsa, ba zai haɗa allurar da aka yi wa uwa bara da jinin ɗanta na bana ba.

Na ungulu ya fi wannan nisa. A Indiya da Pakistan an riƙa yi wa shanu dikulofenak don zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, maganin nan dai da ke kowane kanti a nan. Saniya ta mutu da shi a jiki, ungulu ta ci mushe, ƙodarta ta lalace. Cikin shekara goma sha wani abu jinsi uku na ungulu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka wallafa sababin, bayan binciken da Lindsay Oaks da abokansa suka yi a Pakistan, a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta shi ga dabbobi, aka koma ga meloksikam wanda ba ya cutar da tsuntsun. Mu da muke jefa mushe a bayan gari mu bar wa ungulu aikin shara, labarin nan bai yi mana nisa ba.

Shi rahoton kansa ba wani dogon abu ba ne. Abu huɗu ake nema kafin a karɓe shi: wane ne ya kawo, wace dabba ce, wane magani, me ya faru. Sauran ƙari ne mai ƙara masa nauyi, wato lambar rukunin da ke jikin kwalba, ranar ƙarewar aiki, nawa aka ba, ta wace hanya, dabba nawa aka yi wa, nawa suka kamu, awa nawa tsakani, da me aka haɗa. Kuma ba mutuwa kaɗai ake kaiwa ba. In magani ya ƙi aiki, shi ma rahoto ne, domin ta nan ake gane jabu da wanda rana ta kashe da tsutsar da ta daina jin magani. In mutum ya soki kansa ko maganin kaska ya ƙone masa hannu, rahoto ne. A Amurka mai dabba ma yana iya cike fom mai lamba 1932a ya aika wa hukumar abinci da magunguna, kamfani kuwa dole ne ya miƙa duk ƙorafin da ya iso masa. Tarayyar Turai ta haɗe rahotannin ƙasashenta a rumbu guda ƙarƙashin dokar da ta fara aiki ranar 28 ga Janairu 2022.

Masu karɓa ba sa ɗaukar rahoto a matsayin hukunci. Sun san dabbar da aka yi wa allura dama mara lafiya ce, mai yiwuwa ciwon ne ya kashe ta, allurar ta zo ne a kan gaɓa. Don haka sukan tambaya: lokacin ya dace da yadda maganin ke aiki? An taɓa ganin irin wannan? Da aka daina ya lafa? Da aka sake ya dawo? Akwai wani sababin da ya fi kusa? A Turai an daɗe ana raba amsar gida huɗu da haruffan A, B, O, N: akwai kyakkyawan zato, mai yiwuwa ne, bayani bai isa ba, da wuya maganin ne. Yawancin rahotanni a tsakiya suke faɗawa, kuma ba a zubar da su. Ranar da goma suka zo daga wurare daban da lambar rukuni ɗaya, sai a kira rukunin daga kasuwa. In rukunai daban ne amma jinsin dabba ɗaya, sai a ƙara layi a takardar gargaɗi. Ko a can ma ba a kai rahoto yadda ya kamata. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike 37 daga ƙasashe 12 kan magungunan mutane ya nuna wajen kashi 94 cikin 100 na illoli ba sa isa ga hukuma. In na mutane ke nan a inda ake da fom da waya, sai a ƙiyasta na tunkiya a bakin kogin Rahad.

A Sudan rajistar magunguna, na mutane da na dabbobi, tana hannun Majalisar Magunguna da Guba ta Ƙasa, akwai kuma Ma'aikatar Albarkatun Dabbobi da ofisoshinta a jihohi, da babban ɗakin binciken dabbobi na Soba. A Saudiyya Hukumar Abinci da Magunguna, wadda aka kafa a 2003, ita ke kula da maganin dabbobi, ta buɗe cibiyar sa ido kan illar magani a 2009, kuma ana kiranta a lamba 19999. Ƙasashen biyu igiya ɗaya ta ɗaure su, tunda ragon da aka yi wa allura a Kurdufan ko Gadarif shi ne zai hau jirgi a Sawakin ya sauka Jidda, alhaji ya yi hadaya da shi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya mai da Kartum fagen daga, ofisoshi suka koma Fot Sudan, wuta ta yi ta ɗaukewa a kan firjin rigakafi, magunguna suka riƙa shigowa ta kowace kafa. A irin wannan lokaci ne aka fi buƙatar rahoto, a lokacin ne kuma ya fi wuyar kaiwa. Ga shi dabbobin da hukuma ke ƙiyasta sun haura miliyan 100, an rabu da ƙirga su tun tsakiyar shekarun 1970.

Amma kada mu jingina komai ga yaƙi. Tun kafinsa ba ma faɗa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Makiyayi ba ya son a tambaye shi dabba nawa gare shi, wannan tun zamanin jangali kakanninmu suka taho da shi daga gida. Yana kuma jin kunyar a ce shi ya zarce awo. Mai kanti yana tsoron a tambaye shi inda ya samo kaya. Ma'aikacin da ya yi allurar yana tsoron a ce ya biya. Kowa yana da abin rufewa, in ɓera da sata daddawa ma da wari, sai a haɗu a kan cewa kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma in yaro ya faɗa rijiya muna cewa ajali, kuma muna rufe bakin rijiyar. Ni a ganina duk tsarin da zai fara da neman mai laifi ya mutu tun a haihuwa. Ƙasashen da abin ya kama ƙasa sun raba karɓar rahoto da hukunci, har kuskuren awo suna so a kawo musu, domin in mutum ɗari sun yi kuskure iri ɗaya to rubutun kwalbar ne ke da gyara. Kwalbar da aka rubuta da Turanci ƙanana kamar ƙafar tururuwa, aka sayar wa wanda Larabci da ajami ya iya, ba shi kaɗai ya yi kuskuren ba.

Wani abin da nake tsoro shi ne rahoton kasuwa. In ba a kai wa likita ba, ai ana kai wa majalisa, a can kuwa ba mai tambayar lambar rukuni. Akuya biyu su mutu bayan rigakafi, kafin la'asar an ce allurar gwamnati ke kashe dabbobi, baɗi rabin ƙauye su ɓoye garkensu a daji. Alhali rigakafi ne ya kawar da cutar bushiya ta shanu daga doron ƙasa, aka yi shelar ƙarewarta a 2011, cutar da dattawanmu ke ba da labarin ta share garke a mako guda. Maganar da aka kai inda za a auna ta tana kare maganin kirki kamar yadda take kama mugu.

Abin da ke hannunmu yau bai fi ƙarfin kowa ba. Waya tana aljihun kowane yaro: a ɗauki hoton kwalba gaba da baya kafin a buɗe, a ɗauki bidiyon dabbar in ta fara tangaɗi, a riƙe ragowar maganin a inuwa. In ta mutu a kira likita da wuri, domin a zafin nan mushe ba ya kai wuni cikinsa ya narke, ba abin da za a iya karantawa. Kantunan maganin dabbobi, waɗanda a nan muke ce wa saidaliyya, su ya kamata su fara ajiye littafi, tunda wurinsu mai ƙorafi ke fara komawa, su kuma miƙa wa ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Sai maganar wuƙa. Mun saba in dabba ta fara shure-shure a yi maza a yanka kada ta zama mushe. Yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da magani daga cikinsa. Kilosantel yana manne wa jini ya yi makonni, wasu kwalaben kwana 42 suka rubuta kafin a ci naman. Tumakin Baba biyu ba su cika mako da shan magani ba muka ci su a unguwa, har da ni, har da yara.

Bana da damina ta ja baya Baba ya sake sayo kwalba. Wannan karon ya aiko jikansa ya kira ni. Kilosantel ne, sisi ɗaya ga kowane kilo 5. Na ɗauki hotonta, na ce, "Baba, wannan babbar kilo nawa za ta yi?" Ya shafa bayanta ya ce hamsin ba ta gaza ba. Muka aro ma'aunin rataye a wurin mai sayen riɗi, muka sa ta a buhu muka ɗaga. Kilo 31. Baba ya matso ya ƙura wa allurar ma'aunin ido, ya ce a sauke ta a sake ɗagawa.